An Ƙona Daji, Ko Daji Ya Ƙone?

A watan Nuwamban bara kawuna ya kira ni daga ƙauyenmu, arewa da Dakwaro. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaro, wuta ta ci daji." Na ce, "Subhanallahi! Kawu, an rasa rai?" Ya ce a'a. "Bisashe hwa?" Ya ce sun tsira. Sai na ce, "To alhamdu lillahi, ai ciyawa ce kawai." Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Haka ne." Muka yi sallama.

Sai da bazara ta kama na gane abin da bakina ya faɗa. Ciyawar da damina ɗaya ta fitar ita ce za ta riƙe dabbobi wata takwas ko tara, kuma irin su ƙarangiya in sun ƙone ba su sake tsirowa sai wani ruwan ya sauka. Bafulatanin da ke yi mana kiwo ya kora garke kudu tun lokaci bai yi ba. Waɗanda aka bari gida aka shiga saya musu dusa da harawa. Nono ya ƙafe, matar kawu ta daina zuwa kasuwa da ƙwarya. A ƙarshe ya sayar da shanu biyu ramammu, daidai lokacin da kuɗin bisa ke faɗuwa, na hatsi yana hawa. Ɗaya daga cikinsu ita aka keɓe don ɗawainiyar karatuna a nan Yamai.

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, shi ya sa na koma kan jimlar kanta. Bahaushe yana iya cewa wane ya ƙona daji. Yana iya cewa an ƙona daji, a nan akwai hannu amma ba suna. Yana iya cewa daji ya ƙone, ko gobara ta tashi, sai ka ce barci take ta farka. A aji mukan rarraba waɗannan mu ce ga aikau, ga aikatau, ga karɓau, mu wuce. Amma a ƙauye zaɓen jimla shari'a ce: da ita ake yanke ko akwai mai biya ko babu. To tambayata ita ce, asarar da ba a san mai ita ba, ba a kuma faɗi mai yin ta ba, bashi ce bisa wani ko kuwa tsautsayi ne?

Dubi yadda ake yi a wani wuri. A 2018 gobarar daji ta cinye garin Paradise a jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum 85 suka mutu, gine-gine sama da 18,000 suka ƙone. Aka bi diddigi har aka kai ga wayar lantarki, kamfanin ya amsa laifi gaban alƙali, aka ɗora masa diyya. Can kowane gida yana da takarda da kima, don haka asara tana da adadi. Mu kuwa makiyayarmu ta Abalak da Barmo da Tanut ta kowa ce. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma, ta bar arewa ga kiwo. Wannan alheri ne ga makiyayi, amma abin kowa shi ne wanda in ya ƙone ba mai zuwa da takarda ya ce nawa ne. Ciyawa ba ta da kuɗi sai ran da aka ɗora ta bisa amalanke aka kai birni.

Yanzu kuma an samu sabon aikau, wai shi canjin yanayi. Ba ƙarya ba ne. Zafi ya ƙaru, ruwa in ya zo yakan zo da ƙarfi, kamar daminar 2024 da ta rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram. Shekarar da ruwa ya yawaita ciyawa kan yi kauri, ta bushe da kaka, iskar hunturu ta taso, sai garwashin shayi ɗaya ya wadatar. Gaskiya ce kuma hayaƙin da ya ɗumama duniya ba daga Nijar mafi yawansa ya tashi ba, muna da hakkin mu nemi masu shi su biya. Amma na lura yadda muke amfani da kalmar: wurin da kakanninmu ke cewa tsautsayi, nan muke sa ta. Canjin yanayi bai taɓa jefa guntun taba daga tagar mota ba, bai cinna wa rami wuta don kama gafiya ba.

Da na kai nan sai na ɗauka na gama: a faɗi suna, a hukunta. Da hutu na gaya wa kawu haka. Ya ce, "To in yaro ne ɗan shekara goma, da mi zai biya? In kuma aka ce ɗan rugar can ne, ka san abin da zai biyo baya?" Na sani. Mutanen Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka da yawa a 1991. Ashe wannan "an" da nake zargi da ɓoye laifi tana kuma kare jini. Wani lokaci maigari ya san wanda ya yi sarai, ya zaɓi ya ce an yi, don gari ya kwana lafiya. Ban iya cewa ya yi kuskure ba.

Sai dai sutura ga wanda ya kunna ba ta yafe wa sauranmu. Akwai aikin da kowa ya sani: a share dogayen hanyoyi masu faɗi cikin daji da zaran ciyawa ta fara bushewa, don wuta in ta iso ta rasa abin ci. Aikin manjagara ne da jaki da ƴan makonni. Sau da yawa muna jiran furoje ya zo ya biya mutane, in kuɗin ya makara sai a fara bayan gobarar farko. Tambayar wa ya kunna tana iya kawo faɗa, kuma ba ta mayar da ko dami ɗaya. Tambayar wa ya kamata ya share bai share ba tana da amsa, kuma amsar ta haɗa da magajin gari, da mai garke da ke zaune birni, da mai cin tsire a Yamai, da ni da saniya ke biya wa karatu.

Don haka ni dai na tsaya a nan: bashi ce, kuma bisa duk mai cin moriyar dajin take, gwargwadon abin da yake ci. Na ce wa kawu bana in an tashi sharar hanya a sa ni cikin lissafi, ko da hannu ko da ɗan abin da na rage daga bursina. Ya yi dariya, ya ce hannun biro ba ya jure ƙarangiya, amma in zo.