Tilas ko son girma? Agamemnon tsakanin sarauta da ƴarsa

A cikin labaran da Girkawan dauri suka bar wa duniya, kaɗan ne suka kai nauyin abin da ya faru a tashar jiragen ruwa ta Olis. Rundunonin Girka sun taru can domin su ƙetare teku su yaƙi birnin Turuwa, saboda Faris, ɗan sarkin birnin, ya tafi da Elen, matar Menelas sarkin Isparta. Homer, a waƙarsa ta Iliyad, ya lissafa jiragen wannan runduna, jimillarsu 1186. Ɗari daga ciki na Agamemnon ne, sarkin Misen kuma wan Menelas, wanda aka ba jagorancin yaƙin. Sai iska ta ƙi ba su hanya. Kwanaki suka yi ta wucewa, guzuri yana ƙarewa, mayaƙa suna gunaguni. Bokan runduna, Kalkas, ya ce Artemis, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, ita ce ta yi fushi, kuma jirage ba za su tashi ba sai Agamemnon ya yanka ƴarsa Ifijeni. Sarkin ya amince.

Tambayar da wannan labari ya aje ba ta tsufa ba: shin amanar jama'a tana iya tilasta wa shugaba ya bayar da jinin gidansa? In kuwa ya bayar, jarumi ne ko mai laifi?

Ya dace a fara da hujjar masu kare shi, domin ba hujjar banza ba ce. Agamemnon zai kai dubban ƴaƴan mutane fagen fama, da yawansu ba za su komo ba. Da wane ido zai dubi iyayensu in ya ce jinin ƴarsa ya fi na ƴaƴansu tsada? Kowa ya san irin shugaban da ke aika ɗan talaka gaba, ya ɓoye nasa a ɗaka, kuma ba wanda ke yabonsa. Ban da haka, akwai rantsuwa: manyan Girka da suka nemi auren Elen sun yi wa Tindar, mahaifinta, alkawarin taimakon duk wanda ya same ta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Eshil, a wasan Agamemnon, kashi na farko na wasanni uku da ya nuna a Atina a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna sarkin yana auna hanyoyi biyu, yana ganin sharri a kowace, kafin ya sa wuyansa cikin karkiyar tilas.

Amma Eripid, a wasansa na Ifijeni a Olis, wanda aka nuna bayan rasuwarsa a shekara ta 406, ya tona abin da ke ƙarƙashin wannan tilas. Maganar boka sharaɗi ce: in an yanka yarinyar za a tafi, in ba a yanka ba ba za a tafi ba. Ke nan akwai hanyar sallamar runduna kowa ya koma gida. Abin da za a rasa shi ne ganimar Turuwa, da matar Menelas, da sunan Agamemnon a matsayin jagoran Girkawa. Babu maƙiyi a ƙofar Misen, babu birnin Girka da ke cin wuta. A cikin wasan, Menelas da kansa ya tuna wa wansa yadda ya nemi wannan muƙami: yana gaisawa da kowa, ƙofarsa a buɗe ga babba da yaro, sannan da ya samu sai ya canza fuska. Mutumin da ya yi wa girma irin wannan fafutika, in ya ce an tilasta masa, ya kamata a bincika ko ba son girman ne ya tilasta shi ba.

Hujjar daidaito ma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Kilitemnestira, uwar yarinyar, ta tambayi mijinta: in gaskiya ake so, me ya hana a jefa ƙuri'a tsakanin dukan manya a ga ƴar wa za ta faɗa a kai? Me ya hana Menelas, mai matar da ake yaƙin dominta, ya bayar da tasa ƴar, Ermiyon? Mayaƙin da ya tafi yaƙi ya san inda za shi, yana riƙe da makami, yana da rabo a ganima, yana kuma iya komowa. Ifijeni ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kwatanta ta da mayaƙa ruɗu ne.

Abin da ya fi kome tona asirin Agamemnon shi ne ƙarya. Bai iya gaya wa matarsa gaskiya ba. Ya aika mata takarda cewa ta turo yarinyar za a aurar da ita ga Ashil, jarumin da ya fi kowa a rundunar, shi kuwa Ashil bai ma san an yi amfani da sunansa ba. Uwa ta taho da kayan aure, ta iske wuƙa. A wasan Eshil kuma, an ɗaure bakin yarinyar don kada ta la'anci gidan ubanta. Mai karatu zai iya tuna labarin asalin layya, sai dai tazarar da ke tsakani babba ce: Annabi Ibrahim bai nemi mulki ko ganima ba, kuma ya gaya wa ɗansa gaskiya, ya ji ta bakinsa. Aikin da ba ya yiwuwa sai an yaudari uwa an toshe bakin ƴa, mai yinsa ya riga ya san hukuncinsa a zuci.

Girkawa sun aje wasu sarakuna biyu da za a iya auna Agamemnon da su. Ulis, sarkin Itak, ya yi haukan ƙarya don kada ya tafi wannan yaƙi, ya shiga noma yana shuka gishiri. Falamed ya ɗauko jaririnsa Telemak ya aje gaban garma. Ulis ya kauce, asirinsa ya tonu, ya biya da shekara ashirin nesa da gida. Ya nuna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai dai shi ne kuma ya fi matsa lamba a yanka Ifijeni: ya tsare nasa, ya miƙa ta wani. Na biyun shi ne Kodurus, sarkin Atina. Da ya ji an yi duba cewa abokan gaba za su ci birnin muddin ba su kashe sarkinsa ba, sai ya sa tufafin mai saran itace, ya je sansaninsu ya tsokani faɗa har suka kashe shi. Shi kaɗai ne cikin ukun ya biya bashin sarauta da abin da yake nasa.

Nan ne ma'aunin yake. Shugaba yana da ikon sadaukar da barcinsa, da dukiyarsa, da kujerarsa, har da ransa. Ɗansa kuwa amana ce a hannunsa, kamar yadda talakawansa suke amana. Wanda ya ci amanar da ta fi kusa da zuciyarsa domin ya riƙe muƙami, da wuya ya tsare ta nesa. Iliyad ta nuna haka: a shekara ta goma ta yaƙin, Agamemnon ya ƙwace wa Ashil baiwarsa Biriseyis saboda girman kai, Ashil ya janye daga fama, Girkawa suka yi ta mutuwa a bakin jiragensu.

Sakamakon bai tsaya a Turuwa ba. Da ya komo da nasara, Kilitemnestira ta kashe shi a wurin wanka. Ɗansu Orest ya kashe uwarsa don ramuwar ubansa. Racine, a shekara ta 1674, bai iya kai wannan yanka gaban ƴan kallon fadar Faransa ba, sai ya shigo da wata yarinya, Erifil, ta mutu a madadin Ifijeni. Eshil kuwa bai sassauta kome ba. Ya bi jinin har ƙarshe, ya kai Orest gaban kotun mutanen Atina, aka saurari ɓangarori biyu, aka jefa ƙuri'a, muryoyi suka zo daidai, aka sallame shi, ramuwa ta tsaya.

Darasin da ke nan ya shafi duk mai riƙe da wani iko, daga uban gida da ke shirin aurar da ƴarsa don gyara hulɗarsa da wani babba, har zuwa mai mulkin ƙasa. Kafin ya ce tilas ce, akwai tambayoyi uku da ya kamata ya amsa: wa zai biya, wa zai ci riba, kuma zai iya faɗin abin a fili gaban wanda zai biya? Agamemnon ya faɗi a dukan ukun. Iska ta taso, jirage sun tashi, Turuwa ta ci wuta, amma bayan fiye da shekara dubu biyu, abin da ake fara tunawa in an ambaci sunansa shi ne yarinyar da ta zo Olis da shirin aure.