BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: TAWAKKALI A GABAN MAHAUKACIYAR GUGUWA



'Yan uwa, a kowace shekara daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, mutanen da ke zaune a gaɓar tekun Atlantika, musamman kudancin Amurka da tsibiran Karibiyan, suna cikin lokacin mahaukaciyar guguwa. Akwai 'yan uwanmu Musulmi masu yawa a garuruwa irin su Houston da Miami da Tampa, har da Hausawa 'yan kasuwa da ɗalibai. Kuma duk lokacin da hukuma ta ce guguwa na tafe, kowa ya tattara ya bar gida, sai ka ji tambaya ɗaya ta dawo: Malam, wanda ya gudu bai raunana tawakkalinsa ba? Ai abin da Allah Ya rubuta ba ya kuskure bawa.

Tambaya ce mai nauyi, domin amsar da mutum ya riƙe ita za ta sa ya ɗora iyalinsa a mota, ko ya kulle ƙofa ya zauna.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Wannan guguwa a kan teku take haɗuwa, inda ruwa ya yi ɗumi ya kai kamar digiri 26 ko 27. Da yawa daga cikin manyansu ma, asalinsu iska ce da hadari da suke ratsa sararin samaniyar Afirka ta Yamma a lokacin damina, su faɗa teku ta wajen tsibiran Cape Verde, su yi ta tara ƙarfi har su isa can. Masana sun kasa ta mataki 5, kuma daga mataki na 3, wanda iskarsa ke gudun kilomita 178 a awa ɗaya zuwa sama, shi ake kira babbar guguwa. Cibiyar da ke sa mata ido a Miami takan fitar da faɗakarwa tun saura awa 48, sannan gargaɗi mai ƙarfi tun saura awa 36.

Ka ga ke nan wannan musiba ce mai yin sallama kafin ta shigo. Girgizar ƙasa ba ta ba ka ko minti biyar, ita kuwa wannan tana ba ka kwana biyu. Wannan ilimi da Allah Ya hore wa bayinSa har suke hango ta, shi kansa rahama ne. Duk wanda aka ba shi kwana biyu, za a tambaye shi me ya yi da su.

To ina maganar ƙaddara?

Sahabbai sun riga mu fuskantar wannan tambaya. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke hukuncin komawa da mutane. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Ƙissar tana cikin Bukhari da Muslim. Haka nan a Tirmizi, mutumin da ya tambaya ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya ɗaure ta, sannan ya dogara.

Annabi Nuhu (AS) wahayi aka yi masa cewa ruwa na zuwa, kuma duk da matsayinsa sai da ya sassaƙa jirgi da hannunsa, mutane na wucewa suna yi masa dariya. Annabi Yusuf (AS) ya ga fari na tafe, ya tsara ajiyar hatsi ta shekara 7, har ya ce a bar shi a zangarniyarsa don kada ya lalace. Wa zai ce ya fi waɗannan bayin Allah tawakkali?

Tawakkali aikin zuciya ne, riƙo da sababi kuma aikin gaɓoɓi ne, kowanne da wurinsa. Wanda ya dogara da motarsa da kuɗinsa ya manta da Allah, ya yi kuskure a aƙida. Wanda kuma ya ƙi motsi ya ce Allah zai tsare, ya saɓa wa sunnar Annabawa. Sau da yawa ma, in muka faɗa wa kanmu gaskiya, abin da ke hana mutum tashi tsoron ɓarayi ne, ko ƙyashin kuɗin mai da na masauki, ko girman kai, sai ya lulluɓe shi da rigar tawakkali. Wallahi in kai kaɗai ne da sauƙi. Amma akwai mata da yara da tsofaffi da aka ba ka amanarsu, sannan akwai ma'aikacin ceto da zai jefa ransa cikin haɗari don ya ciro ka daga saman rufi.

Yanzu mu zo kan mutanen tudu, masu cewa mu ai muna nesa da teku.

A daren 26 ga Satumba 2024 guguwar Helene ta sauka a gaɓar Florida tana mataki na 4. Amma jihar da ta fi asarar rayuka ita ce North Carolina, a yankin duwatsu na wajen Asheville, ɗaruruwan kilomita daga inda guguwar ta sauka. Ruwan sama ya cika koguna, ƙasa ta zaftare, hanyoyi suka yanke, gari ya yi makonni babu ruwan famfo. Sama da mutum 200 suka rasu a jihohin da ta ratsa. Dama a irin wannan guguwa ruwa ya fi iska kisa. Ba muna cewa waɗanda suka rasu azaba ce ta same su ba, wannan ilimin Allah ne, kuma ya tabbata a hadisi cewa Musulmin da ya nutse a ruwa yana cikin shahidai. Darasin shi ne kada mutum ya mayar da wurin zamansa abin dogaro. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shirin kansa ba wani abu ne mai wahala ba. A tanadi ruwan sha, kamar lita 4 ga kowane mutum a rana, na kwanaki. A tanadi abincin da ba ya lalacewa, da maganin mai ciwon suga da mai hawan jini, da tocila da batir. A sa fasfo da takardun gida a leda. A cika tankin mota, a yi cajin waya, a san inda za a nufa. Kada a kunna janareta a cikin ɗaki ko gareji, hayaƙinsa ya kashe mutane da dama bayan guguwar ta wuce lafiya. Kada a kutsa mota cikin ruwa mai gudu, domin zurfin santimita 30 ya isa ya ɗauke ƙaramar mota. Sallah kuma Musulunci ya sauƙaƙa: an ruwaito daga Ibn Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yakan sa ladan ya sanar da mutane su yi sallah a gidajensu a dare mai sanyi da ruwa.

Sai dai akwai wanda yake son tashi amma ba shi da hali, kuma a nan ne nauyin ya koma kan jama'a. Lokacin guguwar Katrina a Agustan 2005, shingayen da ke tare ruwa a New Orleans sun karye, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, sama da mutum 1,000 suka rasu. An ba da umarnin ficewa, amma dubban gidaje ba su da mota, kuma da yawa daga waɗanda suka rasu tsofaffi ne. Faɗa wa gurgu ya gudu ba taimako ba ne. In akwai kujera biyu babu kowa a motarka, maƙwabcinka yana da haƙƙi a kansu, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Ɗan kasuwa kuma da zai ɓoye ruwa da mai don ya ninka farashi a irin wannan rana, ya tuna hadisin Muslim da ya kira mai ɓoye kaya mai laifi.

Ku dubi Bangaladash, ƙasar Musulmi. A Nuwamban 1970, tun tana Gabashin Pakistan, guguwar Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000. A 1991 wata ta kashe kimanin 138,000. Suka ci gaba da gina mafaka masu tsayi a kan ginshiƙai, waɗanda da yawansu makarantu ne a sauran ranaku, suka horar da dubban 'yan sa-kai, lasifikar masallatai ta shiga aikin shelar gargaɗi. Da guguwar Sidr ta zo a 2007 da ƙarfinta, waɗanda suka rasu sun ɗan haura 3,000. Kowane rai yana da daraja, amma dubi tazarar! Imaninsu da ƙaddara bai ragu ba, sun ɗaure taguwarsu ne kawai.

Mu a nan irin wannan guguwa ba ta iso mu, amma ambaliya ta san hanyar gidajenmu. A wancan watan na Satumban 2024 da Helene ta yi ɓarna, a cikinsa madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye unguwanni a Maiduguri. Kowace shekara hukumomi suna fitar da hasashen ambaliya, amma mutum nawa ne a cikinmu yake yashe magudanar ƙofar gidansa, ko ya fasa gini a kan hanyar ruwa?

Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa in Manzon Allah (SAW) ya ga hadari ko iska mai ƙarfi, ana ganin damuwa a fuskarsa, ya yi ta shiga da fita, yana roƙon alherinta yana neman tsari daga sharrinta. To ɗan uwa, in an ce guguwa na tafe, ka yi istigfari, ka yi addu'a, ka ɗauki iyalinka ka ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa. In bayan duk wannan wani abu ya same ka, sai ka yi haƙuri da zuciya a kwance, domin ka sauke abin da ke kanka.

Allah Ya tsare 'yan uwanmu da ke kan hanyar guguwa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu da imani, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Mai ɗan uwa a waɗancan garuruwa ya tura masa wannan.

Wallahu a'alam.