SHIN TALAUCI HUJJA NE? NASIHA GA SAMARIN BAKIN IYAKA

 

Ya kai ɗan'uwana saurayi, wata rana bayan sallar Magariba a Daddara wani yaro ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam, ina salla, ina azumi. Amma abincina daga kan babur yake fitowa, ta barauniyar hanya, cikin dare. Ba ni da gona, ga tsohuwa a gida. Allah zai kama ni?" Na san tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta samari ce da yawa daga Daddara har Magama. Shi ya sa na ga ya kamata in amsa a rubuce.

Da farko bari mu faɗi gaskiyar da ke gare ka. Wannan iyaka Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, suka raba Katsina da Maraɗi, alhali kuwa dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya. An rufe iyakar a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai 2022. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Duk wanda ya zauna a nan ya ga yadda kasuwa ta mutu, direbobi da 'yan dako suka rasa na cefane. Mai wa'azin da ya ce babu wahala, to, bai san Jibiya ba.

To amma shin wahala tana mayar da haram halal? Musulunci ya san larura. A Suratul Baƙara, aya ta 173, an yi wa wanda yunwa ta matsa rangwamen cin mushe, bisa sharaɗin kada ya zama sha'awa ce ta kai shi, kuma kada ya wuce gwargwado. Daga nan malaman Usulu suka fitar da ƙa'ida, watau larura ana auna ta ne da gwargwadonta. Saboda haka ka tambayi zuciyarka: hatsin tsohuwa kake nema, ko kuwa sabuwar waya da shaddar da za ka burge abokai a majalisa? Na farko larura ce. Na biyu kwaɗayi ne ya ari rigar larura.

Sa'an nan ba dukan abin da ake yi a hanyar nan ne ɗaya ba. Buhun shinkafa ba najasa ba ne, laifinsa saɓa wa dokar hukuma da jefa rai cikin hatsari. Sai dai ka duba abin da yake jawowa: ƙarya a shingen bincike, rantsuwa da Allah a kan abin da ka san ba haka yake ba, ƙwayar Tramadol don kada barci ya ɗauke ka, da sallar Asuba da takan wuce kana cikin daji. Cin hanci kuwa, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito tsinuwa a kan mai bayarwa da mai karɓa. Gaskiya ne malamai irin su Ibnu Taimiyya sun yi sauƙi ga wanda aka tilasta ya bayar domin ya kuɓutar da haƙƙinsa, suka ce zunubin na mai karɓa ne. Amma wanda ya bayar don a rufe ido ga ɓarnarsa, wannan sauƙi bai shafe shi ba.

Akwai kuma matakin da babu larurar da ta isa ta buɗe ƙofarsa. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, domin kowa ya san baburan 'yan bindiga ba da ruwa suke tafiya ba. Wanda ya kai musu mai, ko ƙwaya, ko ya tsegunta musu gidan da aka sayar da sa, ya sani yana da kaso a cikin kowane jinin da aka zubar. Malamai sun haɗu a kan cewa ko da takobi aka ɗora maka a wuya, bai halatta ka kashe wani don ka tsira ba, domin ranka bai fi nasa tsada ba. To, ina ga wanda ba takobi aka ɗora masa ba, 'yan dubbai aka miƙa masa?

Kada ka ce ai ina salla, ita za ta wanke. Imam Muslim ya ruwaito labarin matafiyi mai ƙura a jiki, yana ɗaga hannu yana roƙon Allah, alhali cinsa da shansa da suturarsa duk haram ne, aka nuna da wuya a amsa masa. Salla ba sabulun da ake wanke kuɗi da shi ba ce. Ita ce ma ya kamata ta riƙe maka hannu tun kafin ka miƙa shi.

Abin da na ce wa yaron nan shi nake ce maka. Abin da ya taɓa jinin mutane, ka bar shi yau, ba gobe ba, ka tuba. Ƙwaya da rantsuwar ƙarya ka yanke su. Sauran kuma ka ɗauke shi kamar mushe, ka nemi mafita da gaggawa: noman rani a bakin dam ɗin Jibiya, ɗinki, gyaran babur ɗin da ka riga ka san cikinsa. Ribar ba ta kai ta dare ba, na sani. Amma tsohuwarka za ta yi barci ba ta kasa kunne tana jiran mugun labari ba.

Ku kuma masu hali da ke sahun gaba, wanda ya hana yaro haram bai nuna masa hanyar halal ba, rabin wa'azi ya yi. Ku ɗauki yara a shagunanku, ku fitar da zakka ta zama jari.

Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare samarinmu, Ya dawo mana da zaman lafiya. Amin.