Wa Aka Kashe a Jirgin Voyager?

Tun 1996 masu kallon shirin Star Trek: Voyager ke gardama a kan kashi guda mai suna Tuvix, har yau ba su sasanta ba. Na'urar da ke ɗauke mutum daga nan ta sauke shi can ta rikice saboda wani fure da aka ɗebo, sai ta haɗe Tuvok, jami'in tsaro marar fara'a, da Neelix, kuku sarkin surutu, suka zama mutum ɗaya. Ya raɗa wa kansa suna Tuvix, ya yi abokai, girkinsa ma ya fi na Neelix daɗi. Bayan makonni aka gano yadda za a raba su. Tuvix ya ce shi fa yana son ransa.

Likitan jirgin ya ƙi taɓa shi. Kyaftin Janeway ta karɓi allurar raba shi ta yi masa da hannunta.

Masu kare ta lissafi suke yi: rai biyu sun fi ɗaya, ga Tuvok da mata da 'ya'ya. Masu zarginta suna cewa waɗancan haɗari ne ya ɗauke su, wannan kuwa da gangan aka kashe shi yana roƙo. Hujjarsu ta fi nauyi, domin a cikin ukun shi kaɗai aka ji ta bakinsa, kuma ya ƙi.

Wasu sun wuce nan, sun ɗauko tambayar da masanin falsafa Derek Parfit ya yi a littafinsa na 1984: in na'ura tana wargaza jiki ta sake gina shi, anya wanda ya fito shi ne ya shiga? In ba shi ba ne, to Tuvok, da ya saba shiga na'urar, ya sha mutuwa tun kafin a san da Tuvix.