Makarantar Lahadi a Bayan Majami'a

Kiristoci 'yan tsiraru ne a Kankiya da Kusada, majami'unsu ma ƙanana ne. Malamar makarantar Lahadi a irin wannan wuri ba ta da majigi, ba ta da tarin littattafan hotuna. Abin da take da shi ya fi su: yaran da suka san gona tun kafin su iya karatu.

Misalin mai shuka da ke Markus sura ta 4 ya isa shaida. Maimakon ta karanta, yara na gyangyaɗi, da damina sai ta ɗebi gero a ƙwarya ta fita da su bayan majami'a. Wani ya watsa a kan hanya, wani a kan tsakuwa, wani cikin ƙaya, wani a ƙasa mai taki. Kafin a tashi kaji sun tsince na hanya. Bayan Lahadi biyu a koma a duba tsiro, a bar yaran su yi bayani da bakinsu. Haka ma ɓatacciyar tunkiya ta Luka sura ta 15: yaron da akuya ta taɓa ɓace masa a kiwo ya san wannan tashin hankali. Majajjawar Dauda kuwa ita ce dai ta korar tsuntsaye a gonar dawa.

Harshe ma ba shi da wuya a nan. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi tsaye a kansa. Ayar haddacewa tana saurin zama idan an sa mata karin waƙa da kiɗan tulu irin na Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'a.

Sai dai akwai inda ya kamata a yi hattara. Malami kan ari salon tatsuniya, da sauya murya da amshi, don ya riƙe hankalin yara, kuma dabarar tana ci. Amma ɗan Bahaushe ya san tatsuniya ƙaryar gizo ce. Idan labarin Yusufu da 'yan'uwansa ya zo masa a wannan riga kaɗai, zai iya ajiye shi tare da na Gizo da Ƙoƙi. Shi ya sa bayan ba da labarin ya dace malama ta buɗe Farawa sura ta 37 a gabansu, ta miƙa wa wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran.