Nasiha Game Da Sojan Da Ya Dawo Daga Fagen Fama

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ba mu manta da harin Inates na watan Disamba 2019 ba, inda sojojinmu 71 suka rasu, da na Shinagodar a watan Janairu 2020, inda muka rasa 89. Mun yi musu addu'a, Allah Ya jiƙansu. To amma akwai waɗanda suka tsira da rai daga irin waɗannan wurare, da Boso da sauran yankin Difa, suka komo gida, yau suna tsaye tare da mu cikin sahu. Wani jikinsa lafiya lau, amma barci ya ƙaurace masa. Ƙarar babur ko bugun ƙofa sai ta firgita shi. Ya daina zama fada, yana fushi da iyalinsa ba dalili, ko ya wuni cikin ɗaki bai ce uffan ba. Idan wannan hali ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, likitoci sun tabbatar ciwo ne, kuma yana da magani.

Mu ji tsoron Allah, kada mu ce da irin wannan bawa imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, alhali yana Annabi. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, sahabbai 70 suka yi shahada, kuma Suratu Ali Imrana ta ba mu labarin gyangyaɗin da Allah Ya saukar wa muminai bayan wannan tashin hankali, domin su sami natsuwa. Ashe barcin mayaƙi rahama ce daga Allah, wanda ya rasa shi kuwa ya cancanci tausayi.

Ya kai ɗan'uwanmu da ka ajiye kaki, ko kake hutu a gida, ga abin da muke yi maka nasiha da shi. Ka zaɓi mutum ɗaya amintacce, malami ko abokin da kuka yi daji tare, ka faɗa masa abin da ke cin ranka. Faɗar ciwo ga mai taimako ba ta ɓata haƙuri. Ka lizimci salloli biyar cikin jam'i ko da zuciyarka ba ta so, domin su ne za su raba maka yini, su fitar da kai daga ɗaki. Idan firgita ta taso, ka zauna, ka ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali kana ambaton Allah, ka tuna wa kanka sunan garin da kake ciki da ranar da ake. Idan mugun mafarki ya tashe ka, Sunna ta koyar da neman tsari daga Shaiɗan, da tofi sau uku ta hagu, da juya kwanciya ko tashi a yi salla. Ka gajiyar da jikinka da aikin gona ko tafiyar ƙafa. Ka rage shayin dare. Ka daina kallon hotunan hare-hare a salula. Ka nisanci tramol da giya da wiwi: haramun ne, kuma suna kwantar da ciwon dare guda su tashe shi da safe ya fi na jiya.

Sa'an nan ka je asibiti. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen masu irin wannan lalura, kuma ma'aikacin lafiya na garinku zai nuna maka inda za ka nufa. Manzon Allah ya umurce mu da neman magani. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Mu kuma jama'ar masallaci, nauyi yana kanmu. Kada mu tambaye shi mutum nawa ya kashe. Kada mu bar yara su kira shi mahaukaci. In mun rasa shi a sahu kwana biyu, mu je gidansa mu gaishe shi, mu tambayi uwargidansa abin da suke bukata, domin ita ke kwana da wannan wahala. In kuwa ya fara maganar ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da makami da magunguna daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.