Mai Duban Hadari da Mabuɗan Gaibu

A ƙarshen bazara, sa'ad da zafi ya kai matuƙa a ƙasar Gobir, shamuwa kuma ta dawo ta ɗora sheƙarta bisa itatuwan gari, za ka tarar da dattawan Burkusuma da la'asar sun ba yamma baya suna duban gabas, domin ko da yake iskar da ke ɗauko laima daga teku take fitowa, can kudu maso yamma, hadarin da ke zubar da ruwan galibi daga gabas yake tasowa. In ya haɗo ja, su ce holoƙo ne, a rufe tukwane, in kuwa gindinsa ya yi baƙi kamar an zuba shuni, sanyi ya biyo bayan iska, sai wani tsoho ya ce, "Wanga na da ruwa, in Allah ya yarda."

Na taɓa jin wani ɗalibi, mai zafin sabon karatu, yana inkarin wannan magana, wai shisshigi ce cikin gaibu, tun da saukar da ruwa na cikin abubuwa biyar da ƙarshen Suratu Luƙman ya keɓe ga sanin Ubangiji. Ya kuma kafa hujja da hadisin da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, inda aka yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da gari ya waye Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bayyana kafircin mai jingina ruwan ga tauraro.

Hujjar tasa sahihiya ce, sai dai a ganina ya aza ta inda ba muhallinta ba. Malamanmu na zaure, waɗanda suka karanta tauhidin Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, sun daɗe da rarrabe hukuncin hankali da hukuncin al'ada, watau haɗuwar abu biyu da aka sani ta hanyar maimaituwa, alhali saɓawarsu tana yiwuwa, kuma ɗayan ba shi da tasiri a kan ɗayan. Wanda ya ce tauraro ne ke yin ruwa ya ba halitta tasiri, nan aibin yake. Tsohon Burkusuma kuwa alama ya karanta, kamar yadda ungozoma ke duban mai ciki ta ce haihuwa ta kusa, haka ma ma'aikatan hukumar NiMet da ke fitar da hasashen damina kowace shekara, illa dai su na'ura gare su, shi kuwa shekaru.

Bai kuwa manta cewa al'ada tana saɓawa ba, don ya ga farin 1973 da na 1984, ya ga hadari ya yi baƙi ƙirin har mata sun kwashe shanya, sannan ya zarce ya zuba wajen Isa ko Sabon Birni, ya bar musu ƙura. Duk da haka, shekarar da shamuwa ta zo ruwa ya yi jinkiri, yakan ɗauki irin geronsa ya tafi gona ya yi binne cikin busasshiyar ƙasa, ran Juma'a kuma ya ji liman ya sanar da ranar fita roƙon ruwa.